Yadda Na Lissafa wa Kaka Jinka

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na yi bayan na gama aji na biyu a lise ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Mutanen garinmu ne suka ƙi ba ni haɗin kai. Har yau in na je gida sai wani ya nuna mini wani ɗaki ya ce, “Malam, ko za ka auna mana?”

A lokacin ina karatu a lisen Agiye, wato babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma lissafi yana yi da ni. A jarrabawar ƙarshe na samu sha shida bisa ashirin, kaina ya kumbura har ban ga wanda ya isa in tambaye shi wani abu ba. Shekarar ce aka zurfafa mana lissafin kusurwoyi, su sinus da kosinus, aka haɗa da siffofi masu tsini. Wata rana malaminmu ya zana siffa mai faɗin gindi da tsinin kai a tablo, wato allon aji, ya ce, “Wannan jinka ne. Duk jinkan da kuka gani a ƙauyukanku lissafi ne zalla.” Shi dai bawan Allah yana son mu gane darasi ne. Ni kuwa abin da na ji shi ne duk masu ɗaurin jinkan duniya suna jiran in zo in gyara musu aiki.

Na iso ƙauyenmu, can gefen Gangara, na tarar ɗakin Kaka (mahaifiyar Babanmu) a buɗe, sai bango zagaye kawai. Gara ta ci tsohon jinkan, iskar bazara ta ƙarasa shi. Kayanta duk suna jibge a ƙarƙashin rumfa, tukwane da akwati da gadon ƙarfe, ita kuma tana raɓe a ɗakin Innarmu, abin da ba ta so ko kaɗan. Tsohuwar ta riga ta yi nata shiri. Tun bayan girbi take tara ciyawar baibaya dami-dami, Babanmu kuma ya saro mata sanduna dogaye daga itatuwan dogon yaro da ya yi shekaru yana reno a gonarsa. Abu ɗaya ya rage: Malam Nomau, tsohon da ke ɗaura jinkan kowa a garin, ya tafi Gidan Rumji gaisuwar rasuwa, kuma babu wanda ya san ranar dawowarsa. Ga shi kullum la’asar sai hadari ya leƙo daga gabas. In ruwan shuka ya sauka, kowa zai watse gona, Kaka ta ci damina ba ɗaki.

Babanmu ya ce a jira Malam Nomau. Ni kuma na gyara zama na ce, “Baba, mi za a jira? Wanga aiki ai lissahi ne. Shi Malam Nomau da igiya da ido yake yi, ni kau da ƙa’ida zan yi.”

Kaka tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Maigida, kai da ko igiyar akuya ba ka iya tubkawa?” (Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma ba ta taɓa faɗin sa ba tare da wata tsiya a biye ba.)

Amma Babanmu ya dube ni, na ga abin ya shige shi. Mutum ne da bai yi lakol ba, wato karatun boko, ya sha hana kansa don ni in yi. Ya ce, “To, tunda karatun ya kai nan, a bar shi ya yi.” Da yamma na ji yana faɗa wa abokansa a ƙofar masallaci cewa ɗansa zai yi jinka da takarda. Daɗi ya kama ni har na kasa cin tuwo sosai.

Washegari na aro awon tela, na shiga cikin ɗakin, na auna daga wannan bango zuwa wancan. Mita uku da santi sittin. Na sake aunawa har sau uku, don mu masu ilimi ba ma wasa da awo. Na zauna a inuwa na buɗe kaye, wato littafin rubutuna. Rabin faɗi mita ɗaya da tamanin. Na zaɓi kusurwa digiri arba’in da biyar don ruwa ya riƙa zubowa da kyau, na raba da kosinus, sai ga tsawon kowace sanda ya fito: mita biyu da hamsin da biyar. Na ƙara taƙi guda don ɗaurin sama, na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Har yau ina nan a kan bakana, babu kuskure ko ɗaya a cikin wannan lissafi.

A wani fili bayan gari muka yi aikin, inda aka jibge ciyawar, nesa da gida. (Da a kusa da ɗakin muka yi, da ko makaho ya laluba ya cece ni.) Yayana Sale da abokansa uku su ne masu hannu, ni ne mai baki. Na kafa turke na ja da’ira a ƙasa daidai da awona, sannan na ce a rage tsawon sandunan, don duk sun zarce mita uku.

Sale ya riƙe gatari ya dube ni. “Ka tabbata? Malam Nomau hwa ba ya yanke su haka. Barin ƙahwahu yake yi su zarce.”

Na ce, “Shi ya sa yake ɓarnar itace. Yanka kawai.”

Ya yanka. Guntayen kuwa kafin azahar mata sun kwashe sun kai murhu.

Kwana uku muka yi. Aka jera sanduna, aka ɗaure su da tanka zagaye-zagaye, aka baibaye da ciyawar Kaka tun a ƙasa. Gaskiya jinkan ya yi kyau, ya tsaya cas, ba karkata ko ta ina. A rana ta uku wani Bafillace ya biyo da shanunsa, ya tsaya ya jingina da sandarsa yana kallo. Ya yi mana sannu da aiki, sannan ya tambaya da zuciya ɗaya, “Na rumbu ne?” Na ce masa na ɗaki ne. Ya ƙara dubawa, ya ce, “To, Allah shi sa albarka,” ya bi shanunsa. Na ce wa Sale matsalar mutanenmu ke nan, komai da ido.

Aka sa ranar ɗorawa Juma’a, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da maza duk suna gari. Kaka ta sa an dama fura ƙwarya uku saboda ’yan gayya. Ni kuwa ban cire rigar Juma’ata ba, fara sol, na soke bik, wato biro, a aljihun gaba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda ake yi. Maza kamar ashirin su kewaye jinkan, su ɗaga shi gaba ɗaya, su taho da shi a kai har gindin bango. Daga nan sai a sa gwafanni a tura shi sama, a zamo da shi a hankali har ya hau bango. Mutum ɗaya yakan shiga cikin ɗakin da doguwar gwafa, yana tallafar tsinin yana faɗa wa na waje su matsa gabas ko yamma. Wannan aikin Malam Nomau ne. Ba sai na faɗa muku wanda ya karɓe shi a ranar ba.

Na shiga na tsaya a tsakiyar ɗaki, ina jin hayaniyarsu tana matsowa, yara na bin su da tsalle, mata sun leƙo ta kan danga. Jinkan ya leƙo ta saman bango, inuwarsa ta rufe ni. Na shiga ba da umarni da murya irin ta malaminmu. “Ku matso yamma. Kaɗan. Ku ƙara. Yawwa, tsakiya ke nan. Ku saki.”

A daidai lokacin da kalmar ta fita daga bakina na ɗaga kai na dubi gefe. Ƙafafun sandunan ba su hau kan bango ba. Suna ciki, suna kartar bangon ta fuskar da nake tsaye. Nan take na tuna abin da kowane ɗan akuya a garin ya sani: bango yana da kauri. A kaye bango layin bik ne siriri. Na Kaka kuwa ya kusa kamu guda, ta kowane gefe. Ni na auna ramin ɗakin, na yi masa murfi daidai da bakinsa.

Suka saki.

Bai faɗo da ƙarfi ba, kuma da ya faɗo da ƙarfi da na fi samun sauƙi, ko ba komai a tausaya mini. A hankali ya riƙa zamewa yana kartar bango, ƙasa na zubo mini a ka, ni kuma na yar da gwafa na durƙusa, na ƙara durƙusawa, har ya zauna daram a ƙasan ɗakin ya kife ni kamar kaza a akurki. Ƙofa ta toshe da ciyawa. Duhu, ƙura, da tari.

Can sai na ji muryar Kaka dab da inda ƙofa take.

“Maigida, kana da rai?”

Na ce, “Ina da rai, Kaka.”

“Ba ka karye ba?”

“Ban karye ba.”

“To alhamdu lillahi. Ku bar shi nan, shi dai ya samu ɗaki. Ku zo ku sha hura.”

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba, kuma duk a cikin duhu na saurare ta. Ina jin muryar Sale ta fi ta kowa. Wani yana cewa a miƙa mini kaye ta sama in lissafa hanyar fita. Kuma wallahi sun sha furar. Ina jin ƙarar ludayi.

Fitar da ni ma sai da ta zama aiki, don babu inda za a kama jinkan a ɗaga. Dole aka kwance ciyawar da ta toshe ƙofa, aka yanke tanka biyu, na fito da rarrafe, farar rigata ta koma ja, ciyawa har cikin kunne. Na miƙe a gaban garin gaba ɗaya. Dariyar mutane ba ta dame ni kamar fuskar Babanmu ba. Bai yi faɗa ba, bai yi dariya ba, ya dai kakkaɓe mini kafaɗa ya ce, “Tahi ka wanke jiki.” Kunyar da na ji a wannan lokaci ta fi ta cikin duhun nesa ba kusa ba.

Asabar muka wuni muna kwance jinkan sanda-sanda muna fitarwa ta saman bango. Lahadi ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Babanmu ya yanke hukunci a taƙaice: Kaka ta koma ɗakina da gadonta da tukwanenta, ni kuma na koma zaure, ni da sauro da wani rago da bai san mutunci ba.

Bayan kwana biyar Malam Nomau ya dawo. Tun a tasha aka ba shi labari, amma da ya zo bai yi dariya ba. Ya ɗauko igiya ya miƙo mini bakinta ya ce, “Riƙe nan.” Ya zagaya ɗakin ta waje, ya dawo inda nake, ya ƙara abin da zai ƙara don ruwa ya zuba nesa da bango, ya ƙulla. Ya ce, “Lissahinka ba shi da laihi, ɗana. Sai dai jinka bisa bango yake zama, ba cikin ɗaki ba.” Sannan ya dubi sandunan da na gajarta ya ce za a iya yi musu ƙari, in an samu guntayen.

Haka na bi gari gida-gida ina sallama ina tambayar mata ko guntun itacen ranar nan bai shiga wuta ba tukuna. Kowace sai ta sa na maimaita tambayar, wai ba ta ji ba, don ta kira maƙwabciyarta su ji tare. Na samo rabi. Sauran sai da Babanmu ya sake hawa itatuwansa.

Sai bayan noman farko aka samu hannun ɗora sabon jinkan, mako uku cur ina zaure. Wannan karon Malam Nomau ne a ciki da gwafa, ni ina can baya cikin masu kallo. Jinkan ya hau bango ya zauna, kamar dama can a nan aka haife shi. Kaka ta zo bakin ƙofa da tabarmarta, ta ɗaga kai ta daɗe tana duban sama, sannan ta juyo wajen Malam Nomau.

“Nomau, gaya mini gaskiya. Da hannun maigida cikin wanga?”

Ya ce, “Bakin igiya kawai ya riƙe.”

Ta ce, “To, sai in kwana ciki.” Ta shige.

Ban daina son lissafi ba, shi nake koyarwa ma yanzu, kuma ina gaya wa ɗalibaina kosinus bai taɓa cutar kowa ba. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka auna abu ka zagaya bayansa, ka kuma tambayi wanda ya tsufa yana yin sa. In kuwa taurin kai ya hana ka, ka ce sai ka yi da takarda, to ranar ɗorawa ka nemi wani ya shiga ciki.