Rasuwar Dattijo, Littafin Karaten Malam Salmanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda har yanzu bai bushe ba, Malam Salmanu mai koyar da karate a Tudun Wada, Zariya, yana sanar da ɗalibansa na da da na yanzu, da 'yan dambe, da 'yan kokawa, da duk wanda ya taɓa ɗaga ƙafa da niyyar koyon faɗa, rasuwar littafinsa da aka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara ashirin da uku a hammatar mai shi.

Ba wanda ya san sunan yanka na marigayin, domin ba bango Malam ya same shi a shagon Anayo mai tsofaffin littattafai. Amma halinsa kowa ya shaida. Littafi ne mai haƙuri, ya sha zufa, ya sha ƙura, ya sha miyar kuka sau biyu, bai taɓa ƙorafi ba. Bai san bambanci ba. Ɗan karate ya samu tsayuwa a cikinsa, ɗan kokawa ya samu faɗuwar da ba ta karya ƙugu, ɗan dambe ya samu numfashi. Duk wanda ya tambayi Malam me mai son faɗa zai karanta, yakan lissafa masa littattafai goma cikin ƙasaita, alhali shi kansa Dattijo kaɗai ya taɓa karantawa. Za a daɗe ba a manta ƙaras-ƙaras ɗin shafukansa masu salatef ba, balle "fat!" ɗin da yake yi a gadon bayan wanda ya yi tsayuwar lalaci.

Ya jima yana fama da ciwon baya, ɗinki ya saki, gara ta taɓa shi, amma ba wannan ne ajalinsa ba. Nagoda mahauci, ɗan damben Tudun Jukun, shi ya zo neman shawara ana saura kwana biyar ya shiga fage. Malam ya ba shi aron Dattijo da hannu biyu, ya ce ya karanta a tsanake. Nagoda bai yi boko ba, kuma kunya ta hana shi faɗa. Ya juya littafin ya juya, sai ya yi masa abin da ya taso ya ga ana yi wa rubutu in ana son amfaninsa, wato a wanke a sha. Da tawadar ta ƙi fita, ya jiƙa shi a roba kwana uku, ya dama, ya tace, ya shanye.

Da Malam ya je karɓa aka miƙo masa robar, zama ya yi a kan bencin mahauta ba tare da an ce ya zauna ba. Nagoda ya durƙusa ya ce, "Wallahi Malam ban yi da raini ba, ko ɗigo ban zubar ba." Abin da ya ƙara wa Malam ciwo, Nagoda ya kayar da abokin karawarsa a turmin farko, har wasu sun fara tambaya ko akwai saura.

Marigayin ya bar ƙanne biyu a kan kantar littattafai, ɗan littafin ɗorin karaya da wata mujallar motsa jiki da ba ta da tsakiya. Ya bar ɗalibai fiye da ɗari uku. Ya kuma bar Juwairiyya, wadda ta shekara bakwai tana zuwa daga Hanwa, ruwa da rana, kuma saura mako biyu ta yi jarrabawar baƙin bel. Abin da ya rage mata babin ƙarshe ne, jerin motsi ashirin da takwas. A nan baƙin cikin yake, don Malam bai taɓa haddace babin nan ba. Kullum da littafin a buɗe yake koyar da shi, yana satar kallo kamar mai duba lafiyar shafi. Ya gwada shi kaɗai a tsakar gida, ya kai motsi na sha ɗaya ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, bai san inda zai sauke ta ba. Kunya yake ji, kuma tausayin yarinyar ya fi kunyar.

Za a binne abin da ya rage a robar ranar Asabar bayan la'asar, a gindin mangwaron filin atisaye. Ba a buƙatar tabarma ko goro. Ana roƙon Nagoda ya halarta, a matsayinsa na wanda mafi yawan marigayin yake cikinsa. Tsofaffin ɗalibai su zo da wandon atisaye, kowa da motsin da ya tuna, domin Malam zai tsaya gaban Juwairiyya hannu wofi ya gaya mata inda saninsa ya tsaya.

Wanda kuma ya taɓa yi wa Dattijo fotokwafi a ɓoye, duk da rantsuwar Malam cewa zai kori mai yin haka, an yafe masa tun kafin ya yi sallama. Don Allah ya taho da ita.