Sawun Hannu a Bayan Rumbu

"...Lahiya lau. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Miƙo hannu mu gaisa mana, maigida."

Mutawakkil ya miƙa wa kakarsa na hagu. Nan fa Atu ta ƙanƙance ido. Kaf Kebbe an san tsohuwar nan da gashin targaɗe, an kuma san ta da zargi, ko kaza ce ta gifta sai ta so jin inda za ta. Ga shi kwanan nan tana cikin tsoro na gaske. Duk safiya sai ta tarar da sawun tafin hannu a jiƙaƙƙiyar ƙasar bayan rumbunta, an yi tafiya da shi, babu sawun ƙafa a tsakani. Har hayaƙin korar aljanu ta fara yi.

"Ni za ka ba hagu? Ina na daman, aro kab bayar?"

"Shi nik kawo maki gyara, tsohuwa. Sangalin ga, daga gwiwar hannu har wuyan hannu, awa an zuba garwashi. Ko kohin shayi ban iya ɗauka. Ga gayya gobe gonar Namadi."

Namadi shi ne mahaifin Nasiha, yarinyar da yake nema. Saurayin da ya kasa riƙe hauya ranar gayyar suruki kuwa, garin nan ba a manta masa.

"Mi as same ka?"

"Babur yam mutu, nit turo shi tun daga hanyar Fakku."

"Ƙarya hure takai, ba ta ɗiya. Mai turin babur baya ka yi mai ciwo."

"To, dambe munka yi."

"Kai da dambe? Kai da zakarana yak kora har cikin masallaci?"

"Ke da haƙoranki sunka yi hijira, mi kis sani ga harkar maza?"

"Haƙora sun tahi, ido na nan."

Ta cafko hannun ta matsa, ya kurma ihu. Ta juya tafin, sai ga fata ta yi kanta a gindinsa, ga jar ƙasa cikin farce. Ta ja shi ƙiii har bayan rumbu.

"Aza hannunka nan."

Ya aza. Tafin ya zauna daram a cikin sawun.

"Innalillahi! Ashe kai na aljanin!"

"Cikin waya nig gani, Atu. Mutum shi kahe hannu ƙasa, ƙahwa sama, sunka ce damtse ka cika. Nic ce in tara ƙarhi kahin gayya. Swahe da marece nika yi, ko da ciwon yaf fara ban bari ba."

"Garin neman ƙiba ka samo rama! Allah Ya ba ka ƙahwa kyauta, kac ce ba ka so. Ni ko ina nan ina shaƙar hayaƙi awa kihin banda!"

"Ai kin hi kyau da an banda ki. Za ki gasa ko in tahi?"

"Gashi ni yi. Amma hannun ga hutu shika so, ba hauya ba. In kar riƙa ta gobe, damanar ga ta wuce ka."

Idon Mutawakkil ya kawo ruwa. Tausayi ya kama Atu, don duk cikin jikokinta babu wanda take so kamar wannan sakaran. Ta ɗauko man kaɗe, ta ɗora ruwa a wuta.

"Bari ɓata rai. Ni ka gasa ma Namadi ƙugu, ba shi musa mani. Za ni ishe shi, shi ɗaga gayya."

"Mi za ki ce mai?"

"Gaskiya mana. Surukinai ya koma tahiya da hannu, shi yi haƙuri har ƙahwa ta koyi riƙon hauya."

"Atu, don Allah! Na bi, kin ci!"

Ya laluba aljihu ya zaro farin goro, ya miƙa mata da hagu. Wannan karon ta karɓa tana dariya.