Shimfiɗa a Kan Burtali

Mu uku ne: ni, da Rifkatu 'yar ƙanwar mahaifiyata, da Asabe ƙawarmu. Da muka shirya fita shan iska, ni na karɓi jagoranci, tunda labarin ƙasa na karanta a jami'a. Na kai su bakin wani rafi bayan Dabai, na zaɓi fili marar ciyawa, muka shimfiɗa tabarmar da Inna ta ara mana.

Asabe ta ce, "Malama, ina ciyawar wurin nan ta tafi?"

Cikin natsuwa na yi mata bayanin zaizayar ƙasa.

Muna buɗe kular shinkafa, garken shanu ya gangaro shan ruwa. Ashe hanyarsu ce. Har yau in Rifkatu ta hango saniya sai ta ce, "Malama, ga zaizaya tafe."

Abin da ya salwanta: kula ɗaya, tabarmar Inna, takalmina na hagu.