Ranar da Faya Ta Fashe a Ɗakin Surukata

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar mijina a wani ƙauye bayan Roni ba. Ni fa ma'aikaciyar lafiya ce, shekara biyar ina tsayawa gaban mata ranar awo a Kazaure ina koya musu alamomin naƙuda, har da ɗaga yatsa. (Alhali ban taɓa haihuwa ba, wannan ne cikina na fari.) Likita ya riga ya gaya min ɗan bai juyo da kai ƙasa ba, a zaune yake, don haka haihuwar gida ba tawa ba ce. Amma a lissafina saura sati uku, na ce ai biki wuni ɗaya ne.

Tun da hantsi bayana ya fara riƙewa. Ciwon ya taso daga ƙugu, ya zagayo mara, ya saki, can ya sake dawowa. Da wata ce ta kawo min wannan bayani, da kafin ta rufe baki na ce a ɗauko kayan haihuwa. Da yake ni ce, sai na ɗora wa ɗanwaken da na ci da safe laifi.

Dangin mijina Fulani ne, kunyar ɗan fari a wurinsu ba wasa ba ce. Mace ba ta nuna ciwo gaban suruka, cikin ma yi ake kamar ba a gan shi ba. Ni kuwa 'yar gari, da ma ana min kallon marar ta-ido, sai na ƙudurta yau zan nuna musu ni ma na iya. Ga ni a ɗakin Inna, surukata, kan tabarmarta, mata sun cika ɗakin.

Bayan azahar mijina ya kira ni a waya. "Zan mayar da su Baffa garin Babura. Ko in fara kai ki gida?"

Na saci kallon Inna, na cije leɓe. "Lafiyata ƙalau. A dawo lafiya."

Ina ji motar ta tashi, kuma ita kaɗai ce ƙaramar mota a wajen bikin. Ba a jima ba ciwon ya koma zuwa duk bayan minti biyar (a ɓoye nake duba agogon waya ƙarƙashin mayafi). Tsoro ya kama ni sosai, don na san abin da ke samun ɗan da ya taho ta ƙafa babu likita kusa. Duk da haka bakina ya ƙi buɗuwa.

Wata mai ciki da ke zuwa awo wurina, Hansai, ta tsura min ido. "Malama, ba ke kika ce in ciwo yana zuwa yana tafiya, kuma ko an kwanta bai lafa ba, kada mu jira ba?"

"Ke dai, ɗanwake ne," na ce.

Na miƙe da niyyar in kewaya. Ina miƙewa faya ta fashe, ruwa ya malale tabarmar Inna har gefen ƙafarta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Subhanallahi! 'Yar nan, tun yaushe?" in ji Inna.

"Tun hantsi, Inna." Na fashe da kuka. "Kuma a zaune yake."

Tsohuwar da ko sunan mijina ba ta faɗa saboda kunya, ta fita ba mayafi har cikin maza tana ƙwala kira. Ta tsayar da a-kori-kurar da aka loda wa kayan amarya, ta sa aka sauke gado da kwanuka, aka bar katifa. A kan sabuwar katifar amarya aka shimfiɗe ni, Inna ta rungume kaina, muna faɗawa ramuka tana salati tana faɗa.

"Kunya aka ce, ba a ce ki kashe min jika ba!"

Muna isa Kazaure abokan aikina suka wuce da ni ɗakin tiyata. Da aka ciro yarinyar ba ta yi kuka nan take ba. Sai can na ji muryarta.

Abin da na koya ke nan: kunyar da na aro don in burge Inna, ita mai kayan ko minti ɗaya ba ta ɗauka ba ta yar da ita. Ni 'yar aro ce na kusa biyan ta da ran 'yata.