Rasuwar Gimbiya, Kwamfutar da Aka Jijjiga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gira mai ɗinki huɗu, Baba Mai Yatsu Takwas, maƙerin injunan niƙa, wanda bai taɓa zama a aji ba amma ya koya wa masu digiri riƙon sifana, yana sanar da abokan sana'a rasuwar Gimbiya, kwamfutar zane ta 'yarsa injiniya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin shago, tana da shekara shida.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha ƙura da tartsatsin walda, ba ta taɓa kai ƙara ba. Da safe takan gaisa da "tiit" guda ɗaya. In aiki ya yi nauyi sai ta yi "fuuu", kamar mai hura wuta.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga wani mai masana'anta. Ya ce ba zai ba da aikin gangar niƙa ba sai ya ga zanenta ranar Alhamis, da ƙwallayen ƙarfe masu yin niƙan guda dubu uku zube a ciki, kowanne inda ya faɗi. Aikin nan shi zai riƙe shagon bana. Kwana huɗu injiniya tana fama. In ta jera ƙwallayen a zanen, su tsaya sahu-sahu kamar sojoji. In ta watsa su, wannan ya shige cikin wancan, wasu su huda bangon ganga, wasu su rataye a iska. Daga ƙarshe ta sa su riƙa zubowa daga sama ɗaya bayan ɗaya, ta fita sayo abinci. A ƙwallo na ɗari tara Gimbiya ta sandare.

To, Baba, wanda tukunyar inji ta fashe a gabansa ya fito da ƙafarsa, wanda bel ɗin inji ya cinye masa yatsu biyu kuma ya ƙarasa aikin ranar, ya san maganin kayan da suka ƙi zama a mazubi: jijjiga. Shekara hamsin yana yi. Ya cicciɓi Gimbiya ya girgiza ta dama da hagu. Ya leƙa gilashi, ko ƙwallo ɗaya bai motsa ba. Ya buga gindinta a tebur sau uku, yadda ake yi wa bokiti. Ta ce "ƙirrr". Ya ɗauke shi raini. Ya jawo guduma, a shaida, ta roba ce, ya zuba mata biyu a kwiɓi. Wuta ta yi tartsatsi, hayaƙi ya turnuƙe, fankarta ta yi tsalle ta tsaga masa gira. Maganarta ta ƙarshe ita ce "ɗas!" Ta tafi da zanen gaba ɗaya. Shi kuwa yana nan daram. Inji na bakwai ke nan da ya ga bayansa.

Ta rasu ta bar gilashi mai tsagu, da wayoyi marayu, da injiniya wadda tun ranar ba ta ce wa ubanta ci kanka ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma, a tura gawa a baro zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. A daidai lokacin ne mai masana'anta zai zo ganin zane. Baba ya tanadar masa ganga ta gaske. Ya juye ƙwallaye dubu uku a ciki da yatsunsa takwas, suka watse nan take, ba wanda ya shige cikin ɗan'uwansa. Masu ta'aziyya su zo da wuri su taya mirgino ta bakin ƙofa. Kada a nemi guduma a shagon. Injiniya ta kulle su duka, har da ta robar.