Motar Bawa da Muciyata

Abubuwa sun fara zame mini yanzu, har sunan jika sai na jera uku kafin in faɗa kan wanda nake kira, amma ranar da muka kai Rifkatu gidan miji ba zan taɓa mantawa da ita ba. Na so in manta ɗin. Mutanen unguwarmu ne ba su bari ba.

Ni dai ba mai yawo ba ce. Injin niƙa gare ni a zaure, nan cikin Zuru, daga shi sai coci sai gidan rasuwa. Karatu kuwa a aji uku aka cire ni. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Ina cikin ɗaki zan ji injin maƙwabta ya canja murya, in aika a ce musu bel ɗinsu zai tsinke, kafin yamma ya tsinke. Masu janareta, masu injin ban ruwa, har 'yan acaba sukan tsaya a ƙofa su ce, "Gwaggo, saurara mini wannan." Sai in ɗauko muciya, in ɗora kai ɗaya a jikin injin, ɗayan a kunnena, in faɗa musu abin da ke ciwo (tsohuwar muciya ce da na daina tuƙa tuwo da ita, kada wani ya ce ni ƙazama ce). Yabo ya yi yawa, kaina ya kumbura, ni kuma ban lura ba.

Ƙanena Bawa soja ne, ya yi ritaya da igiya uku. Duk shekarun aikinsa ana ta cilla shi gari gari, 'yarsa Rifkatu a hannuna ta girma, shi sai hutu ya kama ake ganinsa. Da aka sa ranar aurenta sai ya zo ya zauna a kan buhun dawa a zaurena, ya ce mota zai saya. Ba kowace mota ba. Wata 'yar ƙarama ce mai kujera biyu, mai rufin tamfol da ake naɗewa baya, irin wadda wani hafsa da ya taɓa yi wa gadi yake hawa.

Na ce, "Kai Bawa, mai hankali ya sayi a-kori-kura, ya riƙa ɗauko hatsi daga Danko yana samun na cefane."

Ya ce, "Yaya, yarinyar nan ko sau ɗaya ban riƙe hannunta na kai ta makaranta ba. Ranar da ta gama ina daji. Na yi mata alkawari za ta tafi gidan mijinta a motar da ba a taɓa kai wata amarya a cikinta ba a garin nan. Wannan ɗaya ki bar ni in yi."

To me zan ce? Sai ya ƙara da cewa ta hannu yake nema, ba shi da ƙarfin sabuwa, amma wadda ba ta shan mai, ba ta kuma kwana wajen bakanike, don fansho ba ya ɗaukar wasa. Kuma ni ce zan zaɓa. Kunnena ya fi yarda da shi a kan duk wata takarda.

Dillalin motocin da Bawa ya samo wani Bakabe ne, dogo, mai zaƙin baki. A bayan tirela ya kawo guda biyu, ja da mai ruwan toka, aka sauke su a wani fili bakin kwalta. Na je da muciyata a cikin leda. Bawa ya zo da abokinsa Kofur Ishaya, tsohon direban soja, wanda shi ne zai ja motar ranar biki. Dillali ya dube ni, ya dubi leda, ya tambayi Bawa ko an kawo masa abinci ne.

Aka tayar da ja. Murya gare ta kamar sa, Bawa har ya fara murmushi. Na sa aka ɗaga bonet, na ɗora muciya. Can ƙasa na ji wani ƙas-ƙas siriri yana ɓuya, irin na injin da aka ɗura wa baƙin mai mai kauri don ya rufe bakinsa na kwana biyu. Na zagaya baya na tara hannu a bakin salansa, na shinshina, ɗanyen fetur ne yake fitowa. Na ce, "Wannan tana zubar da rabin abin da ta sha, kuma kafin kaka sai an sauke injinta."

Dillali ya ce, "Mama, wa yac ce miki haka?"

Na ce, "Ita."

Aka tayar da mai ruwan toka. Na ɗora kofin ruwa a kan injin, ruwan ko motsin kirki bai yi ba. Na saurara ta dama, na saurara ta hagu, ba inda ta yi tari. Numfashinta a salansa ba wari. Ƙaramin inji ne mai tsabta, an riƙe shi da kyau. Dillali ya cire hula ya sosa kai, ya ce wallahi ko a Birnin Kebbi bai ga bakaniken da ya kai ni ba. Da na san abin da ke gaba, da na roƙe shi ya yi shiru.

A nan ne Kofur Ishaya ya tsugunna yana leƙen ƙarƙashin motar. Ya ce, "Yaya, cikinta ya yi kusa da ƙasa fa. A bari in zagaya da ita, in sauka kwalta in ga yadda za ta yi a burji."

Ni kuwa yabon dillali ya riga ya hau mini kai. Na ce, "Kofur, fetur ɗin wa za a ƙona a yawon banza? Ka san nawa ake sayar da lita yanzu? Abin da za a ji na ji. Mota inji ce, sauran duk gwangwani ne."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa. Soja ne, ya saba a ba shi oda ko ba ta yi masa ba.

Ku duba fa. Duk injin da na taɓa saurara a rayuwata a tsaye na saurare shi, har baburan 'yan acaba. Nawa an ɗaure shi da kusa a kan siminti, bai taɓa zuwa ko ƙofar gida ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa wannan injin akwai inda za shi ba, kuma inda za shi ɗin wani ƙauye ne bayan Manga, garin su ango, inda kwalta ta ƙare tun da nisa.

Ranar biki an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf. Aka ɗaura aure a coci, aka ci aka sha, da la'asar aka fito kai amarya. A al'adarmu uba ba ya rakiya, ni gwaggo ni ce mai miƙa ta ga dangin miji. Sai a lokacin na tuna kujera biyu ce, ta direba da ta amarya (wato na zaɓi motar da ni kaina ba ni da wurin zama a cikinta, kuma sai da na zo da jakata har bakin ƙofa kafin in gane). Na shiga bas tare da matan zumunta na cocinmu. Bawa ya tsaya a ƙofar gida da tsohuwar rigarsa ta fareti, ya naɗe rufin motar da hannunsa, ya zaunar da 'yarsa, ya gyara mata farar rigarta. Da Kofur ya ja, sai Bawa ya sara musu. Idona ya ciko, ba zan ɓoye ba.

A kan kwalta motar nan kamar ruwa take bi. Yara na gudu, 'yan acaba na rakiya, kowa ya ɗaga waya. Ni kuma a cikin bas bakina bai huta ba. Na ba su labarin ƙas-ƙas, na ba su na kofin ruwa, na kwaikwayi dillali da hularsa. Wata ta fara waƙa, na katse ta don ban gama ba.

Muka sauka kwalta. Hanyar nan manyan motocin hatsi sun cinye gefenta biyu, sun bar doron ƙasa a tsakiya. Bas ɗinmu ya saba, ya buɗe ƙafa yana bi. Kofur yana ta lallaɓawa, yana hawa gefe yana sauka, ina jin cikin motar yana gurzar ƙasa, ina yi kamar ban ji ba. Muna hango rufin gidajen ƙauyen, dangin ango sun fito tarye da ganguna, sai muka ji ƙuuu, kamar an ja tukunya a kan dutse. Motar ta hau doro ta zauna daram. Kofur ya taka, tayoyin baya suka yi ta juyi a cikin taɓo, taɓon ya tashi sama ya sauko. Rufi a naɗe yake. A kan farar riga ya sauka.

Ganguna suka tsaya. Matan bas duk suka juyo suna kallona, su da na cika wa kunne tun daga Zuru.

Na sauko. Abin da ya kamata in yi shi ne in je wajen yarinya in goge mata fuska. Amma ƙafafuna sun saba da hanyarsu. Gaban motar na nufa, na duƙa, na manna kunnena a bonet a gaban mutanen gari biyu, na saurara, na ɗago na ce da ƙarfi, "Injin lafiyarsa ƙalau."

Ba wanda ya yi dariya, shi ne abin da ya fi ciwo. Uwar ango, wata gajeriyar tsohuwa da ƙwaryar ruwan tarye a hannu, ta matso ta ce a hankali, "Sannu Gwaggo. To injin za mu kai ɗaki, ko yarinyar?"

Kofur Ishaya ya kashe mota, ya zauna yana kallon sitiyari. Da ya ce mini ai na faɗa miki, da na ji sauƙi. Bai ce ba.

Rifkatu ce ta fitar da mu. Ta buɗe ƙofa, ta cire takalma ta miƙo mini, ta tattare rigarta, ta ce, "Gwaggo, riƙe mini bayan, mu ƙarasa." Haka muka shiga garin, amarya a ƙasa ba takalmi, ni a baya da jelar riga mai taɓo, masu ganga sun rasa wane kiɗa za su yi. Motar kuwa shanun noma biyu aka ɗaura mata suka fizgo ta, salansa ya tsaya a kan doron. Da aka tayar da ita don komawa, ƙararta ta fi ta injina.

Kafin in bar ɗakin Rifkatu ta riƙe hannuna ta ce kada in gaya wa babanta yau. Na ce to. Ashe hoton ya riga ni isa Zuru ta waya.

Washegari da hantsi Bawa ya shigo zaure, ya zauna a kan buhu. Na kashe inji. Na shirya jawabi tun a hanya, duk ya gudu.

Ya ce, "Ta yi kuka?"

Na ce, "A'a. Da aka wanke mata fuska ma dariya ta yi ta yi."

Ya juya hularsa. Ya ce, "Daga coci har ƙarshen kwalta dai a ciki take, ko? Kowa ya gan ta."

Na ce, "Kowa ya gan ta, Bawa."

Ya ce, "To shi ke nan. Sauran hanyar dama ke kika saba kai ta."

Ban san ko yafiya ce ko gori ba, kuma ban tambaya ba. Na tashi na kawo masa kunu.

Yanzu duk wanda ya turo mini abu mai taya ya ce in saurara, nakan ce ya fara hawa, ya bi ainihin hanyar da zai riƙa bi, ya ƙona man, in ya dawo da ƙafafunsa a bushe sai mu yi maganar kunne. Motar tana nan gidan Bawa, an yi mata walda. Ran Lahadi yakan wanke ta, ya je coci, ya dawo, iyakar inda kwalta ta yarda ke nan. Wata na uku ke nan bai leƙa gidan mai ba. Ta wannan fannin dai ban yi masa ƙarya ba.