Ranar da Na Yi Sadaka da Ƙanƙarar Rakiya

Ba zan taɓa mantawa da azumin nan ba, wanda ya faɗo tsakiyar bazara a shekarun yajin aiki. Ina sabon ma'aikaci a ɗakin gwajin jini a Tawa, sai ji da kai.

Likitanmu yana duba yara masu ciwon gaɓɓai da ya ƙi jin magani. Ya ce wani abu ke cin jikinsu kamar tsatsa, alamarsa na cikin jini, amma sai a Yamai ake aunawa. Cikinsu akwai Rakiya daga Tebaram, yatsunta sun kumbura har ludayi ba ta iya riƙewa. Da ƙyar babanta ya yarda aka ɗebi jininta.

Aka jera kwalaben jinin yaran cikin kula, aka cika da ƙanƙara, aka ce ni zan kai Yamai. "In zafi ya taɓa shi, aikin ya tashi," in ji likita. Na ce haba, ni yaro ne?

Magariba ta riske mu a hanya cikin motar haya, ruwan kowa ya yi zafi kamar shayi. Wani dattijo ya ji ƙanƙara na kacau-kacau, ya ce, "Ɗana, taimaka mana mu buɗe baki." Na ba shi dunƙule guda. Sai kwanoni suka yi ta miƙowa, ana "Allah shi maka albarka, dakta." (Dakta fa! Ni da ban gama iya soka allura ba.) Na yi ta rabo ina murmushi. Daga nan mota ta lalace, muka kwana a daji.

A Yamai shugabar ɗakin gwajin ta tsoma hannu cikin kular, gaban ɗalibanta, ta ce, "Jini ka kawo ko romo?" Suka kwashe da dariya. Wallahi na so ƙasa ta haɗiye ni.

Na koma Tawa na tarar da baban Rakiya zaune gindin itacen bedi tare da ita, bai koma gida ba.

"Ɗana, mi jinin ya ce?"

Na ce sai an sake ɗiba. Rakiya ta ɓoye hannuwanta cikin zane. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya goya ta ya nufi tasha, ba mu sake ganinsu ba.

Har yau, in aka fara sa mini albarka da yawa, sai in duba abin da nake rabawa, in tabbatar nawa ne.